Kalmar Sirrin Malam a Buhun Masallaci

Da sunan Allah nake farawa, kuma in kun kai ƙarshe za ku ga dalilin da ya sa yanzu ba na wasa da wannan farawar.

Yau wata huɗu ke nan da mijina ya tashi daga ciwon da ya kusa kai shi kabari. Matan da muke zaune tare a nan Alƙahira sun dame ni da tambaya, kowacce da irin labarin da ta ji, har akwai wadda ta ce wai shara na tona na samo magani. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ban iya kwana-kwana ba. Inda na yi laifi zan faɗa, inda aka yi mini ma zan faɗa.

A Madinat Nasr muke, hawa na huɗu. Malam, haka nake kiransa, yana karatun hadisi, kuma shi ne sakataren ƙungiyar ɗalibai 'yan jiharmu. Ni sakandare na gama a Gusau aka kawo ni. Yana da wata tsohuwar kwamfutar tebur da ya saya hannun ɗalibin da zai koma gida, ana jona ta da layin tarho ta yi ta ƙara kafin ta kama. Da ita yake imel da 'yan'uwansa, a cikinta kuma takardun ɗalibai suke, har da hotunan fasfo ɗinsu.

Wata biyar kafin ciwon, ina wanki na tsinci ƙaramin littafi a aljihun jallabiyarsa. Duk kalmomin sirrinsa na ciki, ya jera su da hannunsa. Ba zan yi ƙarya in ce na yi ta kokawa da zuciyata ba. Yana fita na kunna kwamfuta na shiga imel ɗinsa. Ban ga wata mace ba, in abin da kuke jira ke nan. Abin da na gani wasiƙa ce da ya rubuta wa yayansa, yana cewa matarsa tana da kirki amma bakinta ya fi hankalinta sauri, ta yi faɗa da maƙwabciya a kan igiyar shanya, yana neman shawarar yadda zai bi da ita. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma yana shigowa, ko takalmi bai cire ba, na karanto masa maganarsa daga farko har ƙarshe.

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo hannu na ba shi littafin, ban sake ganinsa ba. Washegari ya canza komai. Ya ce daga yau ba sauran takarda, ya zuba duk kalmomin a wani fayil cikin kwamfutar, ya kulle shi da kalma ɗaya, ita kuma tana kansa. Na ce ya kulle da goma ma, ni me ya dame ni. Da yamma na gan shi a kan darduma da takarda a hannu yana ta motsa baki kamar mai hadda. Na ɗauka karatunsa ne, na wuce kicin ina buga tukwane.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. Malam yana da tabo a bayansa da cikin leɓensa. Tun farkon aurenmu ya gaya mini wani magani ne aka ba shi yana saurayi, fatarsa ta saɓule kamar wanda ya ƙone, ya yi wata guda a asibiti. Ya faɗa mini sunan maganin. Dogon suna ne na Turanci, ina gyaran shinkafa, ban riƙe ba. Ya ce ba komai, likitan da ya duba shi ya aiko masa da bayanin a rubuce, yana nan cikin imel.

Makon farko zazzaɓi ne da ciwon kai. Ya ce gajiya ce ta jarrabawa. Ya sauka kantin magani na ƙasan layinmu ya karɓo na zazzaɓi, ya karanta takardar ciki da kansa kamar yadda ya saba, ya sha. Da safe ya yi sauƙi, da yamma jiki ya gashe. Na ce mu je asibiti, ya ce bayan jarrabawa.

Mako na biyu ya daina cin abinci. Ciki ya fara, ko kunu ya sha sai ya riƙe mara. Nan masu shawara suka taso. Anti Hauwa, matar wani ma'aikacin ofishin jakadanci, wadda ita ce kamar uwarmu a garin nan, ta taho tun daga Mohandessin da zuma da habbatus sauda da hulba. Allah ya saka mata, ba ta taɓa zuwa hannu sake ba. Amma tana shigowa ta shafa yatsa a kan kabad ta nuna mini, ta ce, "Rukayya, a cikin wannan ƙurar kike jinyar mutum?" Raina ya ɓaci. Tana tafiya na juye gidan. A saman kabad akwai wata babbar leda da Malam ke tara tsoffin takardunsa na karatu, ba ya yarda a zuba su a shara don akwai sunan Allah. Kullum sai ya ce zai kai masallaci, shekara guda bai kai ba. Na sauko da ita na miƙa wa Ammu Sayyid, dattijon da ke gadin gidanmu, wanda suke kira bawwab, na ce ya kai inda ake kaiwa. Na ji daɗi har raina na rabu da tarkace.

Mako na uku, ranar Asabar da hantsi, na kawo masa shayi ya kalle ni ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Na ajiye kofin na buga wa amininsa Ustaz Habu waya. Shi da Ammu Sayyid suka sauko da shi daga hawa na huɗu a kan kujera, don lif ɗin gidan ya daɗe da mutuwa.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Mun yi layi tun hantsi har aka kira la'asar, Malam na kwance a kan benci kansa a cinyata, yana karanto isnadin hadisi ga mutanen da ba su nan. Kowace taga muka je a ce ba nan ba ce, can ce. Na yi wa wata mai rajista masifa da Larabcina na kasuwa, ta ce "ma'alish", wato in yi haƙuri, ba ta ko ɗago kai ba. Amma a wannan layin ne wata tsohuwa Bamisriya ta tashi ta ba mu wurinta, ta jiƙa ɗankwalinta ta ɗora masa a goshi. Ban san sunanta ba har yau.

Likitan da ya karɓe shi mai matsakaicin shekaru ne, ba ya fara'a, ba ya kuma ɓata lokaci. Ya ce taifod ne, ya daɗe, ya fara taɓa kai. Da ya ɗaga rigar Malam ya ga tabon, sai ya tsaya. Ya ce, "Hasasiyya?" Wato ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Wannan kalmar har yau in na ji ta sai gabana ya faɗi. Na ce akwai. Ya ce wanne. Na ce ban riƙe sunan ba.

Ya sa masa wani magani da ya ce da wuya ya zama shi ne, ya ɗebi jini ya tura gwaji. Asabar, Lahadi, zazzaɓi bai sauka ba. Ina tambayar Malam a kunne, "Malam, sunan maganin, don Allah sunan maganin." Sai ya ce in rufe taga, ruwa zai jiƙa gero. Muka buga wa Inna, mahaifiyarsa, a wayar maƙwabcinsu. Ta ce ita dai ta san maganin fari ne, kuma a daina yi masa allura, a nemo tazargade. Yayansa ya je asibitin da aka kwantar da shi a da, aka ce fayil ɗin shekarun nan sai an bincika sito, likitan kuma ya daɗe da barin ƙasar.

Litinin da safe sakamako ya fito. Likita ya kira mu gefe, Ustaz Habu na fassara mini inda na kasa kamawa. Ya ce ƙwayar cutar ba ta jin maganin da ake ba shi. Biyu suka rage da za su iya kashe ta, kuma dukansu suna cikin waɗanda kan saɓule fatar mutum. Ɗan gwajin da ake yi a hannu ba ya nuna irin wannan. In aka ba shi wanda ya taɓa yi masa illa, a halin da yake ciki, ba zai ɗauka ba. In aka bar shi, hanji zai iya hujewa. Ya ce zai jira zuwa la'asar ɗin Talata, daga nan zai zaɓi ɗaya ya dogara ga Allah.

Na hau mikrobas na koma gida. Na zauna gaban kwamfutar nan, don bayanin likitansa na dā yana cikin imel. Tsohuwar kalmar da na sata ba ta aiki, na sani, amma sai da na gwada. Na buɗe fayil ɗin, ya nemi kalma. Na sa sunana. Na sa sunan Inna, na garinsu, na malaminsa, shekarar haihuwarsa. Na sake sa sunana da manyan baƙaƙe. In faɗa muku gaskiya, a tsakiyar wannan tashin hankalin sai da na ji haushin ba sunana ba ne.

Na ce a ɗauki kwamfutar a kai wa masu gyara. Ustaz Habu ya ƙi. Ya ce akwai fasfo ɗin ɗalibai da takardun izinin zamansu a ciki, amana ce, ba za a miƙa wa baƙo ba. Na ce, "Ustaz, fasfo za ka binne ko abokinka?" Ya sunkuci kwamfutar muka fita. Mai gyaran ya duba ya ce in kalmar sirrin kwamfutar ce kanta, kafin mu sha shayi ya buɗe, amma wannan fayil ɗin an yi shi ne don kada a buɗe. Sai mu bar masa ita mako guda ya gwada, kuma bai yi alkawari ba. Ya ƙara da cewa mijina mai hankali ne, ya yi abin da ya dace. Na ji kamar in mare shi. Muka dawo da ita. A hanya Ustaz Habu bai ce mini ni na jawo ba, amma ya san labarin littafin, na kuma san ya sani.

Talata da safe ina asibiti. Leɓen Malam ya bushe ya tsage, cikinsa ya ɗaure kamar ganga. Nas ta kawo takardar amincewa, wadda za a sa hannu cewa mun yarda a ba shi magani ko me ya biyo baya. Ustaz Habu ya karɓa zai cike, ya rubuta sunan Malam a gurbin da ba nan ba. Nas ta yi tsaki ta kawo wata, ta nuna masa kwandon shara. Sai na ga ya ninke wadda ta ɓaci ya sa a aljihu. Na ce me zai yi da ita kuma. Ya ce ai ya riga ya rubuta bisimilla a samanta.

Na tsaya ina kallon aljihunsa. Na ce, "Duk takardar da za ku rubuta sai kun sa?"

Ya ce, "Tun muna makarantar allo. Hannu ne ya saba."

"Malam ma?"

"Shi ko lambar waya zai rubuta."

Sai na tuno shi a kan darduma, ranar da ya canza komai, da takarda a hannu yana motsa baki. Malam bai taɓa haddace abu bai rubuta shi ba. In ya rubuta, ya sa bisimilla. In ya sa bisimilla, ba ta zuwa shara. Wuri ɗaya take zuwa, kuma ni da hannuna na fitar da wurin daga gidan.

Ban yi wa Ustaz bayani ba, na ce kada ya sa hannu sai na dawo. Na tari tasi, ranar ban tsaya ciniki ba. Na sami Ammu Sayyid yana wanke motar mai gidan. Ya ce ya kai ledar ƙaramin masallacin bayan layi tun ranar. Na ce yalla, mu je. Ya ce bari ya ɗauraye hannu. Na ja hannun rigarsa, dattijon da ya isa ya haife ni, Allah ya yafe mini.

Mai kula da masallacin ya ce in buhuna sun taru ake zuwa da mota a kwashe a kai inda ake ƙonawa, kuma ana sa ran motar cikin makon nan. Ya buɗe wani ɗan ɗaki a gefen wurin alwala. Buhu shida. Ledata ba ta nan a matsayin leda, an juye ta cikin ɗaya daga ciki. Ya ce mace ba za ta zauna nan tana tona takardu ba ga azahar ta kusa. Ammu Sayyid ne ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, na ji ya ambaci asibiti. Suka jawo mini buhunan waje, gindin wata bishiya, suka shimfiɗa tabarma don kada takarda ta taɓa ƙasa.

Nan na zauna a bakin titi. Yagaggun shafukan Alƙur'ani, littattafan yara, kalandar bara, katin ɗaurin aure. Masu wucewa na tsayawa suna kallon baƙar mace tana tona buhu. Aka kira azahar, aka yi salla, aka fito, ina buhu na uku. Ammu Sayyid da mai masallacin suka durƙusa suna taya ni. Na ce musu rubutun boko za su nema a ƙarƙashin bisimilla. A buhu na huɗu na fara ganin rubutun hannun Malam, ƙananan baƙaƙe masu kwanciya gefe. Na rage sauri. Can cikin takardun nahawu, ga ta, an ninke ta huɗu. Bisimilla a sama, a ƙasa layi ɗaya na baƙaƙe da lambobi marasa ma'ana, an maimaita shi tun daga sama har ƙasan shafi kamar aikin ɗan firamare.

Na haye hawa huɗun nan ban san na hau ba. Na buga kalmar a hankali, da yatsa ɗaya. Fayil ya buɗe. Komai na Malam yana gabana a jere. Na ɗauki ta imel kaɗai. Layin tarho ya yi ta ƙara, ya yanke, na sake, ya kama. Ga sabbin wasiƙu daga yayansa a sama, ga wata da sunana a kanta. Na gani, ba zan ce ban gani ba. Na wuce ta na rubuta sunan asibiti a wurin nema. Wasiƙar likitan ta fito. Ba mu da injin bugawa, sai na yagi bangon littafi na kwafe layukan baƙi bayan baƙi, na duba sau uku.

Na isa asibiti ana shirin kiran la'asar. Likitan na tsaye a bakin gado da fayil a hannu, Ustaz Habu ya tare shi da surutu yana jan lokaci. Na miƙa masa bangon littafin. Ya karanta dogon sunan, ya gajarta shi ya ce, "Sulfa." Ya dubi fayil ɗinsa. Sunaye biyu ya rubuta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ciro biro ya soke na saman. Ban tambaye shi ko shi ne ya yi niyyar ba Malam ba. Ya ce wa nas ta kawo ɗayan, ya juyo ya ce, "Tamam, ya madam," wato komai ya yi daidai. Na zauna a ƙasa.

Sai da aka yi kwana uku kafin zazzaɓi ya fara sauka. A na huɗu ya buɗe ido ya ce, "Rukayya, wa ya ba ki izinin fitowa da wannan tsohon hijabin?" Na san ya dawo. Mun ƙara mako biyu a asibiti. Jinkirin ya bar masa gyambo a hanji, har yanzu ba ya cin yaji, jarrabawar kuma ta wuce shi sai baɗi. Anti Hauwa ta ɗauki nauyin abincinmu duk tsawon lokacin, ɗalibai suna karɓa-karɓa wurin zama da shi. Na gode musu. Waɗanda kuma suka zo suka tsaya a kaina suna cewa da an kawo shi da wuri, su ma na gode, amma ban manta ba.

Sai da muka koma gida na ba shi labari. Na ajiye masa takardarsa a cinya. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce ya yi niyyar kai ledar masallaci tun a makon, ya manta. Na ce kalmar da ya ce tana kansa ta yi mako guda a buhu, duk wanda ya ga dama ya ɗauka. Ya ce wanda ya ɗauka ai ba shi da kwamfutar. Na ce ni ina da ita.

Sai ya ce, "Me kika karanta?"

"Wasiƙar likita."

"Akwai wata da sunanki."

"Na gani."

Ya jira. Na ce, "Ban buɗe ba, Malam. In ka ga dama ka yarda."

Ya ce ya yarda, don da na buɗe da tun a asibiti na karanto masa.

Ga abin da nake so duk wadda ta karanta wannan ta ɗauka. Littafin aljihu duk wanda ya tsinta ya shiga sirrinka, ni shaida ce, ni ce ɓarauniyar. Abin da ka kulle a na'ura ka riƙe mabuɗin a kanka kuwa, ranar da kan ya tafi ya tafi da shi. Kuma sunan maganin da zai iya kashe mutum ba sirri ba ne, bai kamata ya zauna inda ake kullewa ba. Na Malam yanzu yana rubuce a kati cikin walat ɗinsa, yana manne a ƙofar firij, Ustaz Habu na da shi, ni kuma na haddace shi, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa.

Kalmar ya sake canza ta, haƙƙinsa ne. Amma wannan karon ya rubuta sabuwar, ya sa a ambulan, ya liƙe, ya sa hannu a kan bakin, ya ba ni. Ya ce in ajiye a akwatina, ranar da ya kasa magana in yaga. In kuma ya ga an yaga yana da bakinsa, ya san wadda zai tambaya.

Tana nan ƙarƙashin atamfofina. Sau ɗaya na taɓa ɗaga ta a hasken rana, ba zan ɓoye ba. Ya ninke takardar yadda bisimilla kaɗai ake gani. Na mayar da ita, kuma roƙona kullum kada Allah ya kawo ranar da zan buɗe.